Abin da majalisa ta ce wa mai shiga Kogin Kolorado

Wani ɗan ƙauyenmu da ke karatu a Amurka zai bi kwale-kwale na kwanaki a Kogin Kolorado, ta kwazazzabon Grand Canyon mai tsawon kilomita 446 a jihar Arizona. Ga abin da aka tsayar a majalisa.

Masuntan Kogin Hadeja suka fi kowa magana. Sun ce rigar ceto ta zauna a jiki ɗaure tam, kuma maganar jagora ita ce magana. In ɗan namu ya faɗa cikin kogin a inda ruwa ke tsalle, ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, kada ya ce zai miƙe tsaye, don dutse kan riƙe ƙafa.

Malamin firamarenmu ya ce ruwan daga ƙasan madatsar Glen Canyon yake fitowa, sanyi ƙarara, alhali zafin kwarin kan wuce digiri 40 da rani. Ya yawaita shan ruwa. Kada ya kafa tanti a bakin busasshen rafi, ambaliya kan zo bagatatan a Yuli da Agusta. Batun kakkaɓe takalmi saboda kunama kuwa, ɗan Jigawa ba sai an gaya masa ba.

Liman ya ce ya yi ƙasaru, ya nemi abincin halal tun wajen biyan kuɗi. Sabis ɗin waya babu a can, don haka ya sanar da Hajiya tun da wuri.