Manhaja ta fi ka sanin abin da ranka ke so? Muhawarar zaure

Mai kula da zaure: Jama'a, ana ta cewa manhajojin da ke zaɓo mana bidiyo da labarai sun fi mu sanin abin da muke so. Me kuka gani?

Malamin lissafi: Ban yarda ba ko kaɗan. Na'urar ƙiyasi take yi. Takan fara da zato, duk abin da ka latsa sai ta gyara zaton, bisa ƙa'idar Thomas Bayes da aka buga a 1763. Iyakarta ta ce akwai yiwuwar ka buɗe wannan.

Ɗalibar kwamfuta: Allah gafarta Malam, ai ƙiyasin ba na wasa ba ne. A 2013 Michal Kosinski da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge sun duba abubuwan da mutum 58,000 suka nuna suna so a Facebook. Da wannan kaɗai suka bambance ɗan Democrat da ɗan Republican, manyan jam'iyyun Amurka biyu, daidai a kashi 85 cikin 100.

Malamin lissafi: Malama, gano ɓangaren mutum daban, gano muradinsa daban. Ki ɗauki wanda bidiyo ya ɓata masa rai. Ya kalla har ƙarshe yana tsaki, ya sake kallo, ya tura wa abokinsa don shi ma ya ga abin takaici. Na'ura sai ta lissafa masa sha'awa sau uku. Abin da bai latsa ba kuma, ƙi ya yi ko bai gani ba? Wannan ne ke damuna matuƙa.

Injiniya: Malam na da gaskiya a nan. Ko inda mutane suka ba fina-finai maki da hannunsu, abin bai zo da sauƙi ba. Netflix, kamfanin fina-finai, ta sa gasar dala miliyan 1 a 2006 ga wanda zai inganta hasashenta na makin da mutum zai ba fim da kashi 10 cikin 100, sai 2009 aka cinye.

Ɗalibar kwamfuta: Amma an cinye ɗin, Yaya.

Injiniya: An cinye. Sai dai na'ura daga abin da ta nuna miki kawai take koyo. In ta yi ta kawo miki abu iri ɗaya kina latsawa, zatonta ne ke ƙara tabbatar da kansa. Shi ya sa masu bincike ke sa ta riƙa jefo abin da ba ta da tabbas a kai, dabarar da William Thompson ya kawo tun 1933.

Ɗalibar kwamfuta: To ai kun zo wurina. Na'urar da ke auna shakkarta, har ta gwada don ta rage ta, koyo take yi. Malam, wace hujja za ka karɓa kafin ka kira shi sani?