Sai an yi wata uku ana sassarfa kafin a fara koyon mita 100 da dogon tsalle?

Baba Koci: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, yaron da ya zo yau yana son mita 100 ko dogon tsalle, kada a bar shi ya zuba gudu da ƙarfi sai ya yi wata uku yana sassarfar kilomita 4 zuwa 5, sau huɗu a mako. In ba haka ba, mita 60 sau biyu zai yi ya kama haki, atisayen ranar ya tashi a banza.

Kocin Tsere: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, amma ban bi ka a nan ba. Ƙarfin da tsoka take amfani da shi a daƙiƙa 6 zuwa 10 na farkon gudu a cikinta yake ajiye, ba ya jiran iskar huhu. Sannan a duba yadda ƙafa take taka ƙasa. Mai sassarfa yakan sauka da dunduniya a gaban jikinsa, gwiwa ba ta ɗagawa, ƙafar ta yi kusan rubu'in daƙiƙa a ƙasa. Gwanin tsere da gaban tafin ƙafa yake sauka, kusan a ƙarƙashin ƙugu, kuma kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ma da kyar ƙafar take cikawa a ƙasa. Kilomita 5 ta haura taku 4,000. A wata uku mun koya wa yaro takun da za mu dawo muna fama mu raba shi da shi.

Malamar Wasanni: Baba, hakin nan da ka ambata yawanci ƙarancin hutu ne. Ƙa'idar da ake bi ita ce minti ɗaya na hutu a kan kowace mita 10 da aka yi da cikakken ƙarfi. Wanda ya yi mita 60 sai ya huta minti 6, ba ya juyo da tafiya a sake hura masa usur ba. Ga sabon shiga ma mita 60 ta yi yawa. A ɗumama jiki minti 15, da sassarfa kaɗan, da wurga ƙafa gaba da gefe, da ɗaga gwiwa. Sai mita 20 sau 6 zuwa 8, daga tsaye, ya karkato gaba kamar zai faɗi sannan ya tashi. Hutu minti biyu. Duka gudun ranar kada ya wuce mita 200. Da zarar agogo ya nuna ya fara ja baya, ko kafaɗunsa sun ɗage sun ƙage, a tsaya ko da saura biyu a lissafi. Sau biyu a mako, da aƙalla awa 48 a tsakani.

Baba Koci: Malama, to a cikin minti biyun nan me yake mayar wa tsoka abin da ta ƙona? Iskar da huhu da zuciya suke kai mata ce. Mai ƙarancin juriya ba ya farfaɗowa da wuri. Kuma Clyde Hart, wanda ya horar da Michael Johnson a jami'ar Baylor ta Amurka, da maimaita mita 200 a gudun da bai kai ƙarshe ba ya gina 'yan wasansa.

Kocin Tsere: Maganar farfaɗowa gaskiya ce, Baba, na karɓa. Amma mita 200 ka ce, ba kilomita 5 ba, kuma mutanen Hart galibi 'yan mita 400 ne. Ana samun juriyar ba tare da an ɓata taku ba: mita 100 sau 8 zuwa 10 a kan ciyawa, a kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wanda yake yin mita 100 a daƙiƙa 13 sai ya riƙa yin ta a 18 zuwa 20, ya yi tafiyar mita 50 ya sake. Charlie Francis na Kanada ne ya yaɗa wannan tsari, rana mai zafi sosai, rana mai sauƙi sosai, ban da tsaka-tsaki.

Baba Koci: Francis ɗin da aka kama ɗan wasansa Ben Johnson da ƙwaya a gasar Olympics ta Seoul a 1988?

Kocin Tsere: Shi ne, kuma ba na wanke shi. Kada a kafa hujja da lokutan da 'yan wasansa suka yi. Hujjar tsarin daban take: gudun tsaka-tsaki bai kai saurin da zai ƙara sauri ba, ya kuma yi nauyin da zai hana jiki hutawa kafin ranar aiki.

Likitan Gashin Ƙashi: Kowane ɓangare yana da raunin da yake jawowa. Kilomitoci a kan kwalta da takalmin da ya cinye suna kawo ciwon ƙwauri, ta gefen ciki, wanda in an danna da yatsa ake jin zafi a tsawon ƙashin. Zuba gudu da wuri kuma tsokar bayan cinya yake yagawa, a daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin sauka, domin a nan tsokar take a ja kuma tana riƙe nauyi. Shi ya sa na fi son makonni 3 zuwa 4 na farko a yi su a ɗan tudu mai sauƙin hawa, mita 15 zuwa 20. Tudu yana rage saurin, yana kuma hana zura ƙafa gaba. A haɗa da wannan: ya durƙusa, wani ya danne masa idon sawu, ya tafi gaba a hankali jikinsa a miƙe har ya tare da hannu. Sau 4 ko 5, zagaye biyu, sau biyu a mako, a ƙarshen atisaye. Yaro mai tasowa in ya ce ƙasan ƙoƙon gwiwa ko dunduniya na ciwo, a rage tsalle nan take.

Kocin Tsalle: A dogon tsalle abin ya fi fitowa fili, don mafi yawan nisan daga gudun tunkarar katako yake zuwa. Chioma Ajunwa ta Najeriya da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 da mita 7.12 'yar tseren mita 100 ce. Katakon tashi faɗinsa santimita 20 ne kacal, sai takun mutum ya zama iri ɗaya kullum zai same shi, kuma gajiya ce take fara canza tsawon taku. Sabo ya fara da taku 10 zuwa 12. Ya tsaya a katako, ya ruga baya, a sa alama inda ƙafar tashinsa ta sauka a taku na 12, ya maimaita sau 5 har alamun su taru wuri guda. Takun kusa da na ƙarshe ya ɗan fi tsawo, ƙugu ya sauka kaɗan, na ƙarshe gajere da sauri. Babban kuskure shi ne kallon katako, yana sa a daddatse taku a zubar da saurin. Ƙarfin idon sawu da agara kuwa, tsallen igiya da ɗingishin ƙafa ɗaya irin na langa sun isa, saukar ƙafa 60 zuwa 80 a zama guda, a kan ciyawa ko yashi. Dirowa daga kan akwati a sake zabura ba na shekarar farko ba ne.

Baba Koci: Wata ukun na janye ga yaron da yake buga ƙwallo kullum, wannan yana da abin da nake nema. Amma wanda ya shekara bai motsa ba, ko mai jiki, ba zan sa shi ko a tudu ba sai ya iya sassarfar minti 15 ba tsayawa.

Likitan Gashin Ƙashi: Ga irin wannan ina tare da kai, Baba, sai dai a kan ciyawa, minti biyu gudu minti ɗaya tafiya, da sassafe ko bayan la'asar. A makonnin nan kuma a fara koya masa ɗaga gwiwa da wurga hannu daga kafaɗa, yana tafiya ba gudu ba.