Injin iskana yana tsayawa da na haɗa shi da kantirola

Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, abin nan ya ishe ni.

Na kafa ƙaramin injin iska mai ba da lantarki, 400W, da batir 12V. In wayoyinsa uku suna sake, farfelar tana gudu sosai. Ina haɗa su da kantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sai farfelar ta yi nauyi, tana juyawa da ƙyar kamar an taka birki, ko da iska na kaɗawa da ƙarfi. Batir yana nan a 12.2V, ko motsi.

Makunnin birki a kashe yake. Na auna wayoyin biyu-biyu da mitar awon lantarki, duk karatu ɗaya. Na canja batir, bai canja zani ba. Kantirolar kuma tana ɗumi a gefe guda.

Ta yaya zan gwada ko diyod ɗin cikinta (ɗan abin da ke barin lantarki ya bi hanya ɗaya kawai) ne ya ƙone ya haɗe wayoyin?