Masu motar rimot a Legas, in sayi haɗaɗɗiya ko wadda zan haɗa da hannuna?

Telan Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah waɗanda suka daɗe a harkar ƙananan motocin rimot ɗin nan ina neman shawara kafin in kashe kuɗina a banza. Ni ɗinki nake yi a Agege, kuma wallahi tun ina yaro a gida muna ƙera motar kara da ta langa-langa abin nan yake raina. Bara na sayi wata 'yar ƙarama 1/16, wato tsawonta kashi ɗaya cikin sha shida na motar gaske, a Alaba, ko sunan kamfani babu a kwalin, na yi wata uku ina morarta a layinmu da yamma idan na tashi daga shago, yaran unguwa duk su taru, to ranar nan an yi ruwa da rana na fito da ita ban yi tunanin komai ba ta faɗa wani ɗan kwatami, ta fito ta yi tafiya kaɗan sai ƙauri, shikenan ta mutu. Na zaga neman kayanta ban samu ko da giya ɗaya ba.

Yanzu na kusa ɗaukar adashi kuma guda biyu ne a raina, WLtoys 144001 da take zuwa a haɗe, ko Tamiya TT-02 da mutum yake haɗawa da kansa. Burina dai in sa mata injin burashles, wato marar buroshi a ciki, da batir 3S mai 'ya'yan batir uku a jere, ta yi gudun da ake nunawa a YouTube. Wacce ce ta fi dacewa da mu a nan Legas? Sannan akwai inda ake haɗuwa a yi tsere ne, ko kowa a ƙofar gidansa yake yi?

Mai Gyaran Waya Ikeja:

Wa alaikumus salam. Malam tela kafin maganar wacce ta fi, a ina za ka riƙa tuƙa ta? Wannan ita ce tambayar. TT-02 motar kwalta ce, 1/10, cikinta dab da ƙasa yake, idan layinku irin namu ne mai tsakuwa da intalok da ya ɗaɗɗago to duk taku ɗaya sai ta daki ciki, ba za ka ji daɗinta ba sam. Akwai 'yar uwarta TT-02B mai dogayen ƙafafu wadda aka yi don ƙasa, in dai Tamiya kake so ita zaka duba. Kuma ka sani kuɗin da ka gani a jikin kwalin ba shi ne ƙarshe ba, babu rimot a ciki, babu sabo mai juya sitiyari, babu batir, babu caja, wasu kwalayen ma ba ESC, wato ɗan akwatin da ke raba wa inji wuta, sai ka karanta da kyau, jikin motar kuma ba launi yake zuwa, ana gani ta cikinsa kamar leda, sai ka yanke shi da almakashi ka nemi fenti na musamman mai kama irin wannan robar, ta ciki ake fesawa. Ka haɗa duka ka buga da canjin dala na yau kafin ka yanke.

144001 kuwa ka buɗe kwali ka yi caji ka fita. 1/14 ce, taya huɗu duk suna ja, ƙasanta alminiyom, tana zuwa da boris da shokozoba mai mai, kuma abin da ya fi komai a wajena kayanta suna nan birjik a AliExpress, hannun taya, giya, komai.

Amma maganar burashles da 3S ɗin nan, dan Allah ka dakata tukunna. Na farko a wannan motar ESC a haɗe yake da abin karɓar saƙon rimot, guda ɗaya ne, kenan ranar da ka canza inji dole ka sayi sabon ESC da sabon rimot gaba ɗaya, kuɗin ya kusa kamo na motar. Na biyu ka yi lissafi. Lambar KV da ake rubutawa a jikin inji tana nufin juyi nawa yake yi a minti ɗaya kan kowane bolt ɗaya. Inji 3300KV a kan 2S mai 7.4V zai ba ka kusan juyi 24,400 a minti, a kan 3S mai 11.1V ya wuce 36,600. Wannan ƙarin duk a kan haƙoran giya da hannun taya zai sauka, ga zafi, mu kuma garinmu dama zafi ne da shi. Kamfanin ya rubuta kilomita 60 a awa da injinta na asali mai buroshi, ko da ba ta kai haka cif ba wallahi a layin unguwa ya yi maka yawa, ka ƙifta ido ta kai ƙarshen layi.

Abin da zan ce ka fara yi, ran da ta iso ka bi notikan da suka shiga ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ka ɗiga musu shuɗin gam ɗin noti don jijjiga na warware su, ka duba man shokozoba ka cika in ya yi ƙasa, ka sa odar hannun taya na gaba guda biyu tun kafin su karye saboda kaya na iya yin sati uku ko fi a hanya. Bayan kowane wasa ka share yashi da tsohon buroshin haƙori. Yashin Legas da danshin iskar teku ba sa barin boris ya daɗe.

Baban Khalifa Mile 12:

Ni a kan batir kawai zan yi magana domin na ga abin da idona. Shekaru biyu da suka wuce na sayi wata caja mai araha irin wadda ba ta nuna komai sai jan fitila da kore, na jona batir LiPo, irin batirin lithium da ake sa wa motocin nan, na ɗora a kan katifa na fita sallar isha'i, ina dawowa tun daga ƙofa na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, na ɗaga labule batir ya kumbura kamar burodi ledar jikinsa ta tsage hayaƙi na fita ta gefe. Da filaya na kama wayar na jefa shi tsakar gida, ko minti ɗaya bai yi ba ya kama da wuta. Iyalina da yara biyu suna ɗaki na kusa, kuma kun san gidan haya a nan, ɗaki na jikin ɗaki, da gobara ta tashi ba ni kaɗai zan yi asara ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Saboda haka ka riƙe waɗannan lambobin. Kowane ɗan batir a cikin LiPo 4.2V ne cikarsa, kada ya wuce, 2S kenan 8.4V, 3S kuma 12.6V. Kada ka bari ya sauka ƙasa da 3.0V, ni ma da ya kai 3.4 nake tsayawa, da ka ji motar ta fara sanyi ka kashe kar ka ce bari in ƙara zagaye ɗaya. In za ka ajiye shi fiye da kwana biyu uku ka bar shi a wajen 3.8V, ba a ajiye shi cike a cikin zafin nan, shi ke sa kumburi. Ka nemi caja mai daidaita 'ya'yan batir irin iMAX B6, ka tabbata ta asali ce don jabunta sun yi yawa, batir 1500mAh ka yi masa caji a 1.5A, 2200mAh a 2.2A.

Ni yanzu tukunyar ƙasa na samu na zuba yashi rabi, a ciki nake caji, a waje, kuma ina zaune a wurin har ya gama. Wanda ya kumbura ko ya lanƙwashe bayan karo ka haƙura da shi. Kuma ka nemi batir a nan gida wajen masu kayan jirgi mara matuƙi, da yawan masu sayarwa na waje ba sa aiko da LiPo shi kaɗai ta jirgin sama.

Yaron Idi-Araba:

Da girmamawa ga yayana na Ikeja amma ni ban yarda a kashe masa gwiwa kan Tamiya ba. Mutumin nan tela ne fa, kullum yana kwance keken ɗinki yana mayarwa, yanke jikin mota da almakashi kuwa ai aikinsa ne. Ni TT-02 ɗina dare huɗu na yi ina haɗa ta da fitilar waya, littafin duk zane ne ko ba ka iya Turanci ba zaka bi, har girman kowane noti an zana shi daidai ka ɗora a kai ka gwada. Kuma tunda ni na zuba giris a giyar da hannuna, yau in ta yi wata ƙara na san daga ina take fitowa. Abin da zan ce kawai ka sayi saitin boris tun farko ka sa lokacin haɗawa, don da zoben roba take zuwa, in ka bari sai daga baya sai ka sake kwance rabin motar. Kuma notikan Japan ne, JIS ake ce musu, sukundireba sita na kasuwa yana cinye musu kai.

Burashles ma ba abin tsoro bane, a 2S ba ruwanka da canza buroshi kuma batir ya fi daɗewa. In gudun kake so ba tare da canje-canje ba ka duba MJX Hyper Go, yawancinsu da burashles suke zuwa daga kamfani. 3S ɗin ne nima nace a'a.

Telan Agege:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baban Khalifa wallahi jikina yayi sanyi, don nima a kan teburin yanka nake caji kusa da yadin mutane, daga yau na daina. Layinmu ƙasa ne da tsakuwa saboda haka inaga 144001 zan fara ɗauka in bar ta yadda take, Tamiya kuma sai bayan sallah in ɗinki ya yi albarka don maganar ƙanina na Idi-Araba ta shige ni. Saura maganar tsere, ba wanda ya ce komai.

Kawu Obalende:

Ɗana, tsere ba sai an gina mana fili ba. Ni na fara abin nan tun lokacin rimot mai dogon eriya na 27MHz, kowa da ɗan kiristal ɗinsa, in lambarku ta zo ɗaya da wani to rimot ɗinsa zai ja motarka, dole ɗaya ya zauna ya jira. Yanzu da 2.4GHz mota goma za su gudu tare ba mai shiga na wani, kun samu sauƙi ƙwarai.

Yadda ake yi a ƙasashen da abin ya kafu, har ƙungiyar duniya suke da ita mai suna IFMAR, masu batir galibi minti biyar ake ba su, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Kuma ana raba aji, masu inji iri ɗaya su kara da juna, kamar 17.5T ko 21.5T, wato yawan naɗin wayar da ke cikin inji, don kada mai kuɗi ya sayi nasara. Da ka gwada zaka gane abin da na Ikeja yake faɗa maka. Na sha ganin yaro da mota mai tsananin gudu yana wuce kowa a miƙe, ya zo kwana ya kife, kafin a je a tayar masa mai tafiya a hankali ya ba shi zagaye guda. Sassauta hannu kafin kwana, shiga ta waje, matse ciki, fita ta waje, wannan sai ka ƙone batir ashirin talatin kafin ya zauna maka a yatsa.

Fili kuwa, muna da wani mai makaranta da yake ba mu harabarsa ran Lahadi in ba ɗalibai, siminti ne rabi ƙasa rabi. Da tsohon tiyon ruwa muke zana hanya, mu danne shi da robobin ruwa cike da yashi, faɗin hanya kamar taku uku, mutum ɗaya ya riƙe agogon waya, kowane direba da yaron da ke ƙirga masa zagaye da tsakuwa a gwangwani. Mu biyar ne yanzu, biyu Hausawa, biyu Yarbawa da wani Ibo ɗaya da ke sayar da kayan lantarki. Harabar filin wasa na ƙasa da ke Surulere ma tana da faɗi, amma masu motsa jiki da masu takalmin taya sun yi yawa, sai an nemi izini kuma a samu gefe, motar nan in ta daki idon sawun mutum a guje ba ƙaramin rauni bane. Titi kuwa kada ma ka fara, danfo ba zai ganta ba.

In motarka ta iso ka yi min magana ta akwatin saƙo in kwatanta maka wurin. Bayan la'asar muke farawa mu tashi kafin magariba saboda gosulo. Ka zo da batir biyu a cike da tsintsiya, wanda ya zo sabo shi ke share kwanar farko.

Telan Agege:

To Kawu, na gode, Allah ya ƙara girma. Insha Allah zan zo, kuma zan ɗinko ƙananan tutoci ja da fari da ragowar yadi a kafa a kowace kwana. Guda nawa zan yi?

Kawu Obalende:

Kwana bakwai ne a kan hanyar tserenmu. Ka yi takwas, ɗaya babba ta wajen tashi.