Maigidana za a yi wa gashin cutar kansa a Yamai, ina tsoron haihuwarmu

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. An gano maigidana yana da kansar dubura, an tura mu daga nan Damagaram zuwa Yamai don a yi masa gashi da na'ura. Ƴarmu ɗaya tal. Tun da maganar ta fito dangi ke cewa hasken na'urar nan ƙone namiji yake, ba haihuwa, ba kusantar iyali. Wani kuma ya kawo mana garin magani na jika goma, wai yana ƙarfafa garkuwar jiki ya tsare maraina. Shi maigidan har ya fara ja da baya. Me zan ce masa?

Wata uwa daga Birni: Wa'alaikumussalam ƴata. Allah ya ba shi lafiya. Ku tafi kawai, kada ku bari randebu ya wuce. Sai da rai ake maganar haihuwa.

Ma'aikacin ɗakin hoton asibiti: Baiwar Allah, danginku sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A cikin maraina akwai ƙwayoyin da ke haifar da maniyyi, akwai kuma wasu daban, na Leydig, masu yin sinadarin mazakuta, wato testosteron. Na farkon kullum cikin rabuwa suke, shi ya sa haske ke saurin yi musu illa. Ana auna hasken da ma'aunin da ake rubutawa Gy. Ko Gy 0.1 yana rage maniyyi na ɗan lokaci. Ƙasa da Gy 1, yawanci yakan dawo cikin wata 9 zuwa 18. Gy 2 zuwa 3, sai kamar wata 30. Daga wajen Gy 6 kuwa zai iya tafiya ke nan. Na Leydig sun fi juriya nesa ba kusa ba, sai haske ya kai Gy 20 zuwa 30 a kansu suke lalacewa sosai.

Ba zan rufe ki ba. A kansar dubura ana ba ƙugu wajen Gy 45 zuwa 50, a rarrabe cikin makonni biyar. Ba maraina ake nufa ba, amma suna kusa, abin da ya fantsama yana riskarsu, kuma ɗan wannan ya isa ya taɓa haihuwa. Wani abin mamaki, rarraba hasken da ke sassauta wa sauran sassan jiki, ga maraina ƙara ɓarna yake. Ƙarfin kusantar iyali ma kan ragu ga wasu, saboda jijiyoyin ƙugu da tiyata ko haske ke taɓawa, ko sinadarin ya ɗan sauka. Wannan yana da magani.

Wani daga Zango: To ni an yi mini hoton ƙirji ba sau ɗaya ba. Ke nan na shiga uku?

Ma'aikacin ɗakin hoto: A'a malam, kwantar da hankalinka. Hoton ƙirji wajen 0.1 mSv ne (wani ƙaramin ma'aunin haske), daidai da abin da jiki ke samu daga ƙasa da sama cikin kwana goma, kuma nesa da wurin.

Malama mai koyar da ilimin halittu: Ƴar'uwa, ni garin maganin nan ne ya tsaya mini a rai. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira sitokin, irin su IL-1, IL-6 da TNF-alfa. A lafiyayyun maraina ma akwai su, ɗan kaɗan, suna aikin gida. Akwai ƙwayoyin Sertoli da suka yi katanga tsakanin jini da maniyyin da ke girma, domin shi maniyyi sai a balaga yake bayyana, garkuwar jiki ba ta san shi ba, in ta gan shi baƙo za ta ɗauke shi. Sitokin kamar TNF-alfa da TGF-beta suna cikin masu sassauta katangar a daidai lokacin da ƙwayoyi za su ƙetara.

Idan haske ya karya DNA ɗin ƙwaya, wato sinadarin gadon da ke cikinta, takan kashe kanta, wurin kuma ya ɗauki kumburi, waɗannan sinadarai su yawaita. Yawansu na iya raunana katangar, ya kuma rage wa ƙwayoyin Leydig aiki. Kin san yadda hangum kan sauka wa baligi a maraina, wani har ya shanye? Ai kumburi ne ke yin ɓarnar. Saboda haka tunzura garkuwa, ko da garin yana yin hakan, ba tsaro ba ne ga wurin da lafiyarsa ke cikin kwanciyar garkuwa. Ga shi ba ku san abin da aka daka a ciki ba, kuma mai yiwuwa a haɗa masa da shimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, hanta ta ɗauki kaya biyu. Kada ya sha sai likitansa ya gani.

Likita a rukunin: Ƙanwata, tambayoyin nan ku yi su kafin zama na farko, domin bayan an fara an makara. A tambayi mai tsara gashin nawa ake sa ran zai riski maraina, kuma ko za a iya sa masa kariyar dalma ko a kauda su daga hanyar hasken. A yi analiz na maniyyi yanzu. A tambaya ko akwai inda za a daskarar da shi a ajiye. Maniyyi yana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya nuna, don haka a farkon gashin yana iya ba ki ciki, kuma ba a son cikin a lokacin. Ku yi tazara har sai likita ya ba da izini, galibi shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gama. Cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai tana gashin nan tun 2021, ba ku ne farkon masu wannan tambaya ba, kada kunya ta hana shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka. Ya ce shi ba zai iya furta maganar a gaban likita ba, sai dai yayansa da zai raka shi ya tambaya. Likita, hakan ya yi?

Likita a rukunin: Ya yi, amma shi ma ya zauna a ɗakin. Ki rubuta musu tambayoyin a takarda su tafi da ita.