Za mu kwashe sabobin kamfani kafin azumi: a dare ɗaya ko kashi-kashi?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, muna da rassa a Kaduna da Katsina da Gusau. Mai ginin da muke haya ya ba mu notis, kuma sabobinmu biyar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfani, a nan suke: ta lissafin kuɗi, ta kayan sito da rasit, sai na fayiloli da imel da kyamarori. Biyu daga ciki sun tsufa ƙwarai. Oga ya ce ko mu gyara ɗaki a sabon ofis, ko mu kama hayar rabin rak, wato kantar ƙarfen da ake jera sabobi, a cibiyar adana bayanai a Legas ko Abuja. Dole a gama kafin azumi, don lokacin ne kasuwarmu ke ci, rasit na tsayawa motoci za su yi layi a bakin sito. Tambayata: a kwashe duka a daren Asabar ɗaya, ko kashi-kashi? Idan kuma abu ya ƙi tashi a can, ta yaya ake komawa baya?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ku sa sola kawai da batir masu kyau a sabon ofishin. Tun da aka kai wutar Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 kowa sola ya koma.

Mai Kebul:
Waye ke ɗaukar saba a kafaɗa yanzu? Ku zuba komai a AWS ko Azure, masu ba da hayar saba ta intanet, ku huta.

Abban Hanifa:
Na gode, amma manhajar lissafinmu tsohuwa ce, kuma oga ba zai yarda da kuɗin wata-wata da ke bin farashin dala ba. Tsarin kwashewar nake tambaya.

Maman Sadiq:
Malam, don Allah kada ka bari a kashe tsofaffin nan biyu sai ka ga bayanansu suna aiki a wata na'ura da idonka. Ni wannan aikin ne ya raba ni da wurin da na gina da hannuna. Ƙaramin bankin al'umma ne, aka ce za mu koma sabon reshe. Na rubuta wa shugabanni cewa a yi hayar saba ɗaya, a kwafe komai, a gwada, sannan a taɓa ta asali. Aka ce kuɗin ya yi yawa, aka ba wani ɗan kwangila aikin, ɗan'uwan ɗaya daga cikin manya. Ya zo ranar Juma'a da yamma da motar akori-kura, ko soso bai shimfiɗa ba. Sabar da ta yi shekaru tana kunne ba a taɓa kashe ta ba, da aka kunna ta a can sai faifai biyu suka ƙi juyawa, ita kuwa RAID 5, tsarin da aka haɗa faifan da shi, mutuwar ɗaya kaɗai take iya ɗauka. Aka ɗauko bakof ɗin, wato kwafin ajiya, da shi ɗan kwangilar ya ce ya yi, ashe fayil ɗin rabi ne. Da muka samu tsohon kwafi muka ɗora a wata na'ura, manhajar ta ce lasisinta na tsohuwar saba ne, masu ita kuma ba sa ɗaga waya a ƙarshen mako. Ranar Litinin mata masu adashe da 'yan kasuwa suka cika ƙofa, muna rubuta cire kuɗi a littafi. Wata tsohuwa ta riƙe mayafina tana kuka, ta ɗauka kuɗinta sun tafi. Har yau ina jin muryarta. Ɗan kwangilar ya karɓi kuɗinsa cif, ni aka ba takardar dakatarwa.

Kawu Na Zariya:
Innalillahi. Allah ya saka miki, 'yata. Takardar da kika rubuta musu tun farko fa, ba ta taimake ki ba?

Maman Sadiq:
Kawu, ita ce ta hana su kai ni wurin 'yan sanda. Amma aiki ya tafi.

Ɗan Fagge:
Wallahi wannan zalunci ne. Ki faɗi sunansu a san su.

Maman Sadiq:
A'a, akwai mutanen kirki a wurin da ke ci da iyalinsu.

Injiniya B.:
Abban Hanifa, kashi-kashi, babu tantama. Fara da lissafa wace saba ke dogaro da wace. Za ka iske kwamfutocin rassa an rubuta musu lambar IP ɗin sabar, wato adireshinta, kai tsaye, ranar da ta canza Gusau ta daina fitar da rasit. Ka rage TTL ɗin DNS, wato lokacin da kwamfutoci ke riƙe tsohon adireshin saba, tun da sauran kwanaki. Kyamarori da fayiloli su fara tafiya, lissafi ya zo ƙarshe, kuma ban da ƙarshen wata. Ka kira masu lasisi tun yanzu. Komawa baya kuwa magana ce ta lokaci: ku rubuta cewa in azahar ɗin Lahadi ta yi rassa ba su shiga ba, an koma tsohon ɗaki, oga ya sa hannu. Wannan na nufin ba za ku miƙa makullin tsohon ginin ba tukuna, ko da za ku biya ƙarin wata. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe tsarinsa a ƙarshen mako guda a Afrilun 2018, abokan hulɗa suka yi makonni suna fama, a 2022 aka ci su tarar kusan fam miliyan 49. Su da ke da kuɗi ke nan.

Mai Kebul:
Rabin rak a Legas bai kai naira dubu ɗari takwas a wata ba, mu haka muke biya.

Hajiyar Lissafi:
Yaushe rabonka da ganin takardar biya? Mu an ce mana kusan miliyan biyu, kuma ban da layin intanet.

Mai Kebul:
To an cuce ku, Hajiya.

Hajiyar Lissafi:
Ba a cuce mu ba. Wuta ake sayar maka, ba ƙarfe ba. Kilowat nawa aka ba ku? Ka duba kuɗin haɗa kebul da na duk lokacin da ka ce ma'aikacinsu ya je ya danna maka maɓalli. Daga Kano ba za ka hau jirgi don sake kunna saba ba.

Kawu Na Zariya:
Injiniya ya yi bayani, amma da Ingila yake ba mu misali. Can babu wanda zai tsayar da motarka a shinge ya ce a sauke kaya a buɗe. Ni tun zamanin Windows NT nake wannan aiki. Ka cire faifan, ka rubuta wa kowanne lambar raminsa, ka ɗauki hoton bayan rak kafin a zare waya ko ɗaya, faifan kuma su bi wata motar daban.

Injiniya B.:
Da girmamawa, Kawu, shekaru ba su ne tsari ba. Ina da takardun wannan fanni, kuma a nan Najeriya na yi aikin.

Kawu Na Zariya:
Takarda ba ta tayar da mataccen faifai, ɗana. Matar nan da ta gani da idonta ita ya kamata a saurara.

Ɗan Fagge:
Ku dai a saka kuɗin tsire da shayi a kasafin, mai kwana da yunwa shi ke cusa kebul a ramin da ba nasa ba. Abban Hanifa, in da balangu ni ma zan zo taya ku.

Maman Sadiq:
Injiniya da Kawu duk gaskiya suka faɗa. Ƙarin da zan yi: bakof kada ya kwana gini ɗaya da saba. Da cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg a Faransa ta ƙone a Maris ɗin 2021, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da na asali sun rasa duka. In kuma waje za ka kai bayanan kwastomomi, ka karanta dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tukuna.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. To tsakanin Legas da Abuja fa?

Hajiyar Lissafi:
Ko'ina ka kai, layi ne zai ba ka ciwon kai. Ranar 14 ga Maris 2024 da kebulan ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, har manhajojin bankuna sai da suka tsaya. Wannan ma sau ɗaya ne. Mu faibarmu, wato kebul ɗin intanet ɗinmu, duk lokacin da aka fara haƙar kwalbati a titinmu sai ta yanke.

Mai Kebul:
Nan kika zo. Mun biya layi biyu daga kamfanoni biyu don kada a bar mu a duhu, ashe duk rami ɗaya suka bi. Katafila ɗaya ta haɗa su ta tsinke. Ka kira su a ba ka lambar ƙorafi, shi ke nan, kuɗin wata kuma ba a rage ko sisi.

Kawu Na Zariya:
Oga kuma kai zai kira, ba mai katafila ba. A wurinsu mu masu gyaran kwamfuta ne kawai. Akwai wanda a nan aka taɓa biyansa kuɗin kwanan dare a ɗakin saba?

Ɗan Fagge:
Mu kuɗin mota ma sai ka cike fom uku, akanta ya ce ka dawo jibi.