Jos, Abuja ko Kano: Ina Mai Sabon Digiri Zai Zauna?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan ajinmu. Saura ƙiris in karɓi takardar gama hidimar ƙasa, kuma na riga na yanke shawara. Ba zan koma Kano ba, ba zan kuma bi ayarin masu tafiya Abuja ba. A Jos zan zauna. Bari ma in faɗi wadda za ta tayar da ƙura: duk Arewa babu garin da ya kai Jos dacewa da matashin da ya gama karatu a wannan zamani. Mai ja ya fito.

Bashir: Wa alaikumus salam. Jama'a a taimaka, sanyi ya taɓa kan yaron nan.

Nafisa: Sadiq, wane aiki ka samu a can? Fara da wannan tukuna.

Sadiq: Wanda nake yi tun muna makaranta, haɗa manhaja da gyaran shafukan intanet. Masu ba ni aikin suna Legas, ba ruwansu da inda nake kwana in dai aiki ya iso a kan lokaci. To me zai kai ni inda zafi zai dafa ni? Jos a kan tudu take, kusan mita 1,200 sama da teku. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke kai maki 40 a ma'aunin zafi, mutane na kwana a tsakar gida suna jiƙa zani suna lulluɓa, ni a nan taga kawai nake buɗewa. Ku yi lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama na masu hali, sannan a Afrilun 2024 aka kai wutar Band A, wato ta layukan da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit. Mutumin da ke zaune gaban kwamfuta daga safe har dare, sanyin gari kuɗi ne a aljihunsa. Ga kasuwar Farin Gada: kabeji, karas, koren wake, dankalin turawa na Bokkos da Mangu, kana saye kafin a loda su a mota a kai wa su Nafisa a ninka musu kuɗi.

Sai Asabar. Ana idar da Asuba mu kama hanyar Lamingo zuwa duwatsun Shere. Za ka ratsa gonaki masu shingen ƙyarana, hazo na kwance a kwari, hannunka na daskarewa a jikin dutse har sai rana ta ɗaga. Akwai wurin da dole ka cire jaka ka miƙa wa na gaba sannan ka kutsa ta tsakanin duwatsu biyu a karkace. Ƙololuwar ta haura mita 1,800. In ka hau, ga Jos nan gaba ɗaya a ƙasanka, ga tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa suna ƙyalli. Ko sisi ba ka kashe ba sai na mota da ruwan sha.

Nafisa: Labarin kanka ka ba mu, amma ka ce "matashin da ya gama karatu". Mu nawa ne a ajinmu muke da aikin da ke shiga jaka? Ni akanta na karanta. Ma'aikatun tarayya, hedikwatocin hukumomi, ofisoshin jakadanci, ƙungiyoyin agaji, duk a Abuja suka taru tun da aka dawo da babban birni a 1991. Kuma kowa ya san yadda aiki ke fitowa a ƙasar nan, kafin a buga sanarwa an riga an ji a baki. Aikin da nake yi yanzu a wurin walimar suna na ji labarinsa. Da ina saman dutse ina kallon hazo, wa zai gaya min?

Bashir: Hajiya Nafisa, a faɗi gaskiya dai. Ke a Abuja kike ko a Jihar Nasarawa?

Nafisa: A Mararaba nake, kuma ban ɓoye ba. Biyar da rabi na fito, in tsaya bakin titi ina leƙa kowace mota in ga fuskokin da ke ciki kafin in shiga, saboda 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya. In na makara da minti ashirin, cunkoson Nyanya zai cinye min awa biyu. Haya kuma ta shekara ake biya dunƙule, ga kuɗin dillali, ga na lauya. Duk na sani. Amma wahalar tana da inda za ta kai ni. Kuma in hawan dutse ne, Abuja ma duwatsu ne suka kewaye ta, duk Asabar akwai ƙungiyoyin masu hawa. Ga tafkin Jabi, ga madatsar Usuma.

Sadiq: Yaushe rabonki da zuwa ko ɗaya?

Nafisa: Asabar ranar wanki ce, malam.

Bashir: Ku biyun duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Alawus ɗin naira 77,000 zai tsaya ranar da aka sallame ka. Daga ranar, wa zai riƙe ka wata shida in abu bai kankama ba? Ni a gidanmu nake, ba haya, tuwon dare ba fashi. Digirina na tattalin arziki a kasuwar Dawanau yake aiki. Masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje suna neman wanda zai riƙe musu lissafi, ya rubuta wa mai saye wasiƙa da Turanci, ya bi takardun fito. Alhazan nan suna da kuɗi, abin da suka rasa yaro mai amana da ya iya kwamfuta. Haka Kantin Kwari, haka Singa, haka 'yan waya a Farm Centre. Ba mai tambayarka sakamakon digiri, cewa za a yi ɗan wane ne, wa ya tsaya masa. Zafin da kake ta zuzutawa daga Maris ne zuwa saukar ruwa. Ka sa sola ka sayi fanka mai caji, magana ta ƙare. Shaƙatawa kuma ga Tiga, ga Dala.

Sadiq: Dala da ake hawa da matakala, kafin shayi ya huce ka sauko?

Bashir: Dutsen da aka kafa Kano a gindinsa kake rainawa? Allah Ya shirye ka.

Hauwa: Bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Bashir, kar ka mayar da zafi wasa. Watannin nan na bazara, ga ƙura ga cunkoso a ɗaki, su ne lokacin sanƙarau, kuma tsofaffi da masu hawan jini da masu azumi suna jigata ƙwarai. Amma Sadiq, kai ma sanyin ba kowa yake yi wa daɗi ba. Mai sikila sanyi na tayar masa da ciwo, mai asma ma hunturun Jos ba sauƙi. Ƙanwata sikila ce, ko kyauta aka ba ta gida a can a Disamba ba za mu bar ta ba. Don haka "ya fi dacewa da kowa" ɗin nan a cire shi. Mu dai namu aikin ana nemansa ko'ina, abin da nake dubawa shi ne inda ake biyan albashi a kan kari.

Usman: In sanyi ake nema da gaske ku taho Gembu. Mambila ta fi Jos tudu, ga gonar shayi a Kakara, ga Chappal Waddi a dajin Gashaka-Gumti, mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya.

Bashir: Usman, saƙon nan naka tun jiya ka turo shi, yanzu ya iso.

Yaya Auwalu: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Sadiq ƙanena, a Jos aka haife ni, a Jos aka haifi mahaifina, kakanmu haƙar kuza ce ta kawo shi. Ina son garin nan fiye da yadda kake sonsa. Amma ka yi shekara guda kana sanye da kakin hidimar ƙasa, kowa na ce maka kofa, ana ɗaga maka ƙafa. Ranar da ka tuɓe kakin za ka san wani garin. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, unguwanni suka rabu. Kafin dillali ya nuna maka ɗaki sai ya tambayi sunanka, daga sunan zai san inda zai kai ka da inda ba zai kai ka ba. Mu da muka taso muna cin abincin Kirsimeti a gidan maƙwabta, su ci naman Sallah a namu, mu muka san abin da aka rasa. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, aka shafe sama da shekara ashirin ana alkawarin sake gina ta. Ka tambayi kanka wane irin ciniki gari ya yi asara a tsawon wannan lokaci. Sannan ga maganar ɗan ƙasa da baƙo. Yau ba ka buƙatar takardar shaidar asali, amma gobe 'ya'yanka za su nemi gurbin karatu ko aikin jiha. Ban ce kar ka zauna ba. Cewa na yi ka shigo da idonka biyu.

Rahila: Yaya Auwalu ya yi gaskiya a kan rabuwar unguwanni, ni ma akwai inda ba na kai dare. Sai dai maganar takardar asali ba a Filato kaɗai take ba. Ni 'yar wajen Vom ce, in na koma Kano ko Sakkwato na haihu a can, 'ya'yana ma za a ce su koma jiharsu su karɓo. Ciwon ƙasar ne gaba ɗaya. Abin da nake so Sadiq ya ji daban ne. Dankalin da kake yabo, daga ƙauyukan da aka kai wa hari a jajibirin Kirsimetin 2023 yake fitowa, Bokkos da Barikin Ladi. Cikin gari na iya yin lafiya lau alhali manomin da ke ciyar da shi bai kwana a gida ba. Batun aiki kuma, ka ƙirga: NASCO, Grand Cereals, jami'a da asibitin koyarwarta, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, makarantar fim, sai gwamnatin jiha. Nawa za su ɗauka a shekara? Mu 'yan jihar da muka gama tare, yawancinmu muna Abuja muna haya a Masaka da Lugbe, sai Disamba mu dawo shan iska. In garin ya fi ko'ina, me ya kore mu?

Nafisa: Na gode Rahila. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Sadiq: Yaya Auwalu, na ji kuma na gode, ba zan yi musu da wanda aka binne cibiyarsa a garin ba. Amma a nuna min inda babu tasa matsalar. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka tare a Maris ɗin 2022. A farkon 2024 har gida aka riƙa shiga ana ɗaukar mutane a Bwari. Kano kuwa Bashir ya faɗa mana ko yana iya amsa waya a Adaidaita bayan Magariba. Rahila kuma, hujjarki tawa ce. Kun tafi ne don aikin yana can, ba don kun fi son can ba. Duk wanda aikinsa ya sake shi, ina zai nufa? Irin aikina kuma ƙaruwa yake yi, masu zane, masu fassara, masu tallan kaya a intanet, masu koyarwa ta waya. In ganawa ta taso a Abuja, in bi ta Hawan Kibo da Akwanga, awa huɗu zuwa biyar na isa, in kwana ɗaya in dawo. Nafisa tana kashe fiye da haka a Nyanya cikin kwana uku.

Bashir: Yanzu kuma ka sauko daga "duk matashi" zuwa "mai irin aikina".

Sadiq: Ban sauko ba. Cewa nake ku ma ku nemi irinsa.

Nafisa: Riɗin Bashir ta waya za a auna shi? Allurar Hauwa fa? Kuma wata tambaya, Hajiyarku ta san da wannan shawara? Kai ne babba namiji a gidan.

Sadiq: Zan je gida in yi mata bayani da bakina.

Bashir: Wato ba ta sani ba. Jama'a ku ajiye masa wuri a Kantin Kwari.

Yaya Auwalu: Ku bar shi ya gwada, yaro ne, ba mata ba ɗa. Sadiq, in Hajiya ta amince, kar ka ba dillali ko kwabo sai ka kira ni. Kar kuma ka duba gida da damina, lokacin ko'ina ruwa ne. Ka tambayi maƙwabta ko rijiyar na kai watan Maris, don unguwanni da yawa a kan dutse suke, rani na yi sai sayen ruwa a kura. Ka tsaya da yamma ka ga awa nawa wuta ke yi a layin, ka gwada sabis ɗin wayarka a cikin ɗakin ba a tsakar gida ba. Ka biya na shekara ɗaya kawai.

Rahila: Ka kuma sayi bargo biyu kafin Disamba, ana shiga hunturu kuɗinsa ke tashi.

Nafisa: Ni dai ina nan kan bakata. Wanda bai da aiki a hannu ya taho Abuja. Akwai gurbin mai koyon aiki a sashen lissafi a wurinmu, za a rufe karɓa ranar Juma'a, mai so ya yi min magana ta gefe.

Usman: Anti Nafisa, na turo miki.